Yaran Kasuwar Kwastam Na Neman Iyayen Gida, Ina 'Yan Kulob?

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Kasuwar Kwastam, wadda waɗansu ke kira Kasuwar Gamboru. Tana nan dab da kogin Ngadda, a bakin hanyar da ta nufi Mafa da Dikwa har ta kai Gamboru Ngala a kan iyakar Kamaru. In mutum ya tsaya da sassafe kusa da gadar saman nan ta Kwastam, wadda aka buɗe a watan Disamba na 2021, zai ga motocin albasa da tattasai da wake suna sauke kaya, zai kuma ga waɗanda ke saukewar. Yara ne da samari, daga ɗan shekara goma sha biyu zuwa ɗan ashirin da 'yan kai. Wannan ya riƙe baro, wancan ya ɗora gammo a ka, wani na tura kurar ruwa, wani kuwa bin matan da suka zo cefane yake yi yana cewa, "Hajiya, a ɗaukar miki?" Da yawa cikinsu ba 'yan Yerwa ba ne. Yaƙi ne ya koro iyayensu daga Bama da Dikwa da Marte da Ngala, waɗansu ma ba su san inda iyayen suke ba. A kan waɗannan yara nake so in yi magana yau, kuma da 'yan kulob nake.

Da na ce 'yan kulob, ina nufin ƙungiyoyin nan na masu hannu da shuni da manyan ma'aikata da ke taruwa don yi wa jama'a hidima, irin su Rotary da Lions, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na ci gaban gari, da na matan manya, har da 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Ba baƙi ba ne a ƙasar nan. An kafa Rotary a birnin Shikago na Amurka a 1905, aka kafa Lions a 1917, kuma a Kano ne aka fara buɗe kulob ɗin Rotary a Nijeriya a 1961, sa'an nan Legas da Ibadan suka biyo baya a cikin shekarar. Na san akwai mutanenmu da yawa a Arewa da ke yi wa waɗannan biyun kallon hadarin kaji, suna zargin akwai wani abu a ƙarƙashin tabarma. Ba zan shiga wannan gardama ba. Wanda bai yarda da su ba, ga ƙungiyar masallacinsu, ga ta unguwarsu, ga ta 'yan ajinsu na sakandare, maganata ta shafe shi kamar yadda ta shafi mai ɗaura lambar kulob a ƙirji.

Kafin in yi suka sai in faɗi alheri, don kada a ce ban gani ba. Rotary ta ɗauki yaƙi da cutar shan inna tun 1985, ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatoci, ba ta saki ba har tsawon shekara talatin da biyar. A nan Jihar Barno aka ga ƙarshen ƙwayar cutar ta asali a Nijeriya a 2016, a cikin yaran da yaƙi ya hana a kai musu allura, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar wa duniya cewa Afirka ta rabu da ita. Dokta Tunji Funsho, wanda ya shugabanci kwamitin Rotary na wannan aiki a Nijeriya, ya samu yabo daga ko'ina a wannan shekara. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, ya nuna 'yan kulob sun san yadda ake riƙe abu ɗaya a yi ta binsa, gida gida, shekara da shekaru. To, me ya sa in aka zo batun yaron kasuwa sai a mai da abin bikin rana ɗaya?

Na taɓa halartar irin wannan biki, ba kuwa zan faɗi sunan ƙungiyar ba, domin ba ita kaɗai ke yin haka ba. An kama babban zaure a otal, an buga riguna da huluna masu tambari, an ɗauko mai hoto da mai gabatarwa. Aka kwaso yara a mota daga kasuwa aka jera su a baya, suka zauna tun hantsi har bayan azahar ana ta jawabi da Turanci. Daga ƙarshe aka ba kowane yaro 'yar jakar shinkafa da sabulu da kwalin lemo, aka ce su ɗaga sama a ɗauki hoto. Ni dai da na yi lissafi a raina, kuɗin zauren da na rigunan sun fi kuɗin abin da aka raba. Abin da ya fi damuna kuwa, yaran nan sun yi hasarar cinikin safiya, wanda shi ne cinikin ɗan dako, kuma babu ko mutum ɗaya cikin masu bikin da ya tambayi yaro sunansa. Washegari kowa ya koma inda yake.

Ban ce a daina ba da shinkafa ba. Mai jin yunwa ba ya jin wa'azi, kuma a cikin watan azumi ko bayan wata masifa, buhun hatsi shi ne maganin. Amma wanda ya zauna da yaran nan ya san ba a nan ciwon yake ba. Yaron da ke tura baro yana samun na abinci kusan kullum, in dai kasuwa na ci. Abin da ya rasa shi ne babba wanda zai tsaya masa. Baron da yake turawa sau da yawa na haya ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas, ko ya samu ko bai samu ba. In ya tara 'yan kuɗi ba shi da wurin ajiya, a bakin shago yake kwana, a nan ake lalube aljihunsa. In ya je wurin kafinta ko mai walda yana so ya koyi aiki, sai a ce ya kawo wanda ya san shi. In kaya ya ɓace a kasuwa shi ake fara kamawa, kuma zai iya kwana uku a tsare don babu mai zuwa beli. In zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, ɗan abin da ya tara a wata uku ya tafi. Da haka sai ka ga yaro ya shekara takwas a kasuwa, ya shigo yana ɗan goma sha biyu da baro, ga shi ya kai ashirin da gemu, har yanzu da baron. Daga nan ne abokai ke nuna masa tiramol don ya ji ƙarfin aiki, sauran kuwa kowa ya san yadda take kayawa.

Mu mutanen Barno ba mu da uzurin cewa ba mu san ƙarshen wannan sakaci ba. Dattawa na tuna rikicin 'yan Maitatsine a Bulumkutu a watan Oktoba na 1982, kuma yawancin waɗanda suka bi wannan tafiya samari ne 'yan ci-rani da suka shigo birni ba su da kowa. Ba mu ɗauki darasi ba. Sa'ad da Muhammad Yusuf ya kafa markaz ɗinsa a bayan tashar jirgin ƙasa, ba da wa'azi kaɗai ya tara matasa ba. A wurin ana ba yaro abinci, ana ba shi ɗan jari, ana taimaka masa ya yi aure, ana kiransa da sunansa. Bayan abin ya zama yaƙi tun daga Yulin 2009, ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta zauna da mutum 47 da suka taɓa zama cikin 'yan Boko Haram, ta fitar da rahoto a 2016. Cikin abubuwan da ta gano har da cewa waɗansunsu rancen jari ne ya ja su, ko dai sun karɓa suka kasa biya, ko kuwa sun shiga da fatan za a ba su. Wannan magana ya kamata ta hana kowane ɗan kulob barci. Watau aikin da mutanen kirki suka ga ya yi musu ƙanƙanta, shi ne masu mugun nufi suka ɗauka, suka kuwa sami riba da shi.

Kada kuma a manta, irin waɗannan yara ne suka ƙwato garin. A tsakiyar 2013, sa'ad da manya ke rufe ƙofa tun kafin magariba, samarin unguwanni ne suka fito da gora da adda, suka tare hanyoyi, suka nuna wa soja masu laifi, har Maiduguri ta sami numfashi. An kashe da yawa daga cikinsu. Gwamnatin Kashim Shettima ta ɗauki wani kaso ta horar da su a ƙarƙashin shirin BOYES tana ba su ɗan alawus, amma akasarinsu ba su shiga lissafi ba. Har da ƙananan yara aka samu a cikin tafiyar, sai da aka yi yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, aka sallami 833 a watan Oktoba na 2018, aka ƙara sallamar 894 a Mayu na 2019. Ina waɗannan yara suka nufa bayan an sallame su? Ban ce duka a kasuwa suke ba, amma yaron da bai yi makaranta ba, ba shi da gona, ba shi da sana'a, wuraren da zai je ba su da yawa.

Hanyoyin da talaka ke bi ya tsira kuwa sai ƙara tsukewa suke yi. An hana acaɓa a Maiduguri tun Yulin 2011 saboda tsaro. Dubban samarinmu suka kwarara Legas da babura, ku da ke karanta wannan shafi a Agege da Idi-Araba kun gan su da idonku, sai ga shi can ma an hana a manyan sassan birni a 2020, aka ƙara tsanantawa a 2022. Waɗansu suka koma tsintar ƙarafa a ƙauyukan da aka gudu aka bari, 'yan bindiga suka yi ta kashe su, kamar yadda ya faru a yankin Kala Balge a watan Mayu na 2022, har Gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar a Yulin 2023. Kowace doka cikin waɗannan tana da dalilinta, ban musa ba. Sai dai duk ƙofar da aka rufe, waɗanda ke cin abinci ta nan kasuwa suke dawowa, kayan dakon kuwa ba ƙaruwa ya yi ba.

Ita kanta kasuwar ta sha wuya. Ranar 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, babbar kasuwar gari, ba a yi wata guda ba wuta ta tashi a Kasuwar Kwastam a cikin Maris. Sa'an nan ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Gamboru da fadar Shehu da asibitin koyarwa, abin da ba a ga irinsa ba tun ambaliyar 1994. Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo gudummawa. Amma mai karatu ya lura da abu ɗaya. In za a raba tallafi a kasuwa, sunan mai rumfa ake rubutawa, don shi ke da lamba, shi ke da takarda, shi ya san shugaban layi. Haka ya kamata, shi ya yi hasarar dukiya. Yaron da ke sauke masa kaya fa? Ba shi da lambar rumfa, ba shi da katin shaida, sau da yawa ba shi da ko lambar waya. Shi ne ya kwashe toka, shi ne ya kwashe laka, amma a takarda babu shi.

Abin da nake roƙon 'yan kulob ba sabon abu ba ne, namu ne na gado. Bahaushe da Babarbare duk sun san uban gida da yaronsa. Yaro ya zauna da kai a shago, ka ci da shi, ka koya masa ciniki, in ya kawo ƙarfi ka yi masa aure ka yanka masa jari. A Sabon Ibadan da haka aka gina cinikin goro da na shanu: baƙo ya sauka a gidan mai gida, mai gida ya tsaya masa a ba shi kaya bashi, sunansa ne jingina. 'Yan'uwanmu Ibo sun riƙe irin wannan da kyau har yau, yaro ya yi wa ubangidansa aiki shekara biyar ko bakwai, ranar sallama a buɗe masa shago. Yaƙi ne ya tsinke wannan igiya a Barno, domin dā kawu ko limamin ƙauye ne ke kawo yaro ya ce, "Ga ɗana, na ba ka amana." Yanzu kawun ya rasu ko yana sansanin gudun hijira, ƙauyen ma babu. Wannan gurbi na mai kawo yaro shi ne kulob zai iya cikewa, ba kuwa sai da miliyoyi ba.

A ce kulob yana da mutum 30. Kowane mutum ɗaya ya ɗauki yaro ɗaya, ba ya kai shi gidansa ba, a'a, ya san sunansa da inda yake kwana, ya kai shi wurin tela ko kafinta ko makanike ko mai gyaran waya ko mai haɗa sola, ya sa hannu a matsayin wanda ya tsaya masa. A nan ne yawancin shirye-shiryen koyar da sana'a ke faɗuwa, sai a kula: yaron da ya bar baro ya tafi koyon aiki ya bar abincinsa na yau ke nan. In ba a ba shi kuɗin abinci kullum ba, kwana goma ya yi yawa zai gudu ya koma kasuwa, a ce ba ya son aiki, alhali yunwa ce. Saboda haka kuɗin abincin wata goma sha biyu ko ashirin da huɗu shi ne ainihin abin da kulob zai tanada, a kuma riƙa ba da shi ta hannun mai koyarwa mako mako. Keken ɗinki ko injin walda kuwa kada a ba da shi ranar farko a gaban mai hoto. A bari sai mai koyarwa ya ce yaro ya iya. Kowa a garin nan ya san inda kekunan ɗinkin da ake rabawa a taro ke ƙarewa, a kasuwa, a rabin kuɗinsu, kafin rana ta faɗi.

Wanda bai kai ga koyon sana'a ba, ko baron ma a saya masa ya zama nasa, ya riƙa biya kaɗan kaɗan, abin da ya biya a saya wa na bayansa. A samo musu amintaccen mai ajiya a cikin kasuwa da littafi da sa hannu, ko a yi musu adashi. Lauyan da ke cikin kulob ya ba da lambarsa ga shugabannin 'yan dako don ranar kamu. Likita ya ba da yamma ɗaya a wata. Malamin makaranta ya buɗe ajin dare na karatu da lissafi, don yaron da bai iya ƙirga canji a takarda ba kullum a cuce yake.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma gwamnati ta yi wani abu, ga makarantar koyon sana'a ta Muna can gaba a kan wannan hanya ta Dikwa, ga Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa da ke da shirin koyon sana'a tun zamanin Janar Babangida. Amma gwamnati fom take bayarwa, fom kuwa wanda ya san wani ke samu. Gwamnati ba za ta je shagon kafinta ranar Laraba ta tambaya ko yaro ya zo aiki ba. Wannan sai mutum. Za a kuma ce yaran za su gudu da kuɗi. Waɗansu za su gudu, babu shakka. In cikin talatin goma sun gudu, ashirin sun tsaya, wane bikin otal ne ya taɓa fitar da mutum ashirin daga dako? Kuma manyan da ke cin bashin banki su ƙi biya, ban ji an daina ba su ba.

Wanda ke shakkar ko mutum ɗaya zai iya, ya dubi Barista Zannah Mustapha. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess a nan Maiduguri da yara 36, yana ba su karatu da abinci da tufafi kyauta. Da yaƙi ya zo bai rufe ba, ya haɗa marayun soja da na 'yan Boko Haram a aji ɗaya, har aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Lauya ne kamar lauyoyin da ke cikin kulob-kulob ɗinmu. Bambancin kawai shi ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma zauna da su shekara da shekaru.

Akwai sharaɗi biyu da zan gindaya, in ba haka ba gara a bari. Kada a shigo da siyasa. Garin nan ya ga zamanin 'yan Ecomog, ya san abin da ke faruwa in mai neman kujera ya zama uban gidan samari, don haka duk kulob ɗin da zai ɗauki yara, kada a gan su a taron jam'iyya da rigarsa. Sa'an nan a bi ta hannun shugabannin kasuwa da bulamomi da lawanai, su suka san yaron da ke da uwa a Muna da wanda ba shi da kowa, su kuma za su faɗa maka in wani ya turo ɗan ƙanensa da ke jami'a ya karɓi rabon maraya. 'Yan mata masu tallan gyaɗa da awara a bakin kasuwar, waɗanda hatsarin da ke kansu ya fi na mazan, wannan sai ƙungiyoyin mata, kuma magana ce mai zaman kanta da zan dawo kanta wani makon in Allah Ya yarda.

Ku kuma 'yan Barno da ke Legas da Ibadan da Fatakwal, masu ƙungiyoyin ci gaban gari da ke taro duk ƙarshen wata, ba a ce sai kun dawo gida ba. Ku nemi mutum biyu amintattu a Kasuwar Kwastam, ku ɗauki nauyin abincin yara goma masu koyon sana'a, ku ce a riƙa aiko muku da sunayensu da sunan shagon da kowa yake. In kun zo Sallah ku je shagon da ƙafarku. A taron ƙarshen shekara kuma, kafin ma'aji ya karanta abin da aka kashe, a sa sakatare ya karanta sunayen yaran nan goma, ya faɗi wanda ke nan, da wanda ya gudu, da dalilin gudunsa.